Yadda Ake Shuka Ciyawar Bamuda daga Iri

Ciyawar bamuda, wadda Hausawa suka sani da kiri-kiri ko tsarkiyar zomo, tana cikin ciyayin da aka fi shimfiɗawa a filayen ƙwallo, harabar makarantu da farfajiyar gidaje a ƙasashe masu zafi. Manomin fadama ya san taurin kanta, domin ta hanya biyu take yaɗuwa: a saman ƙasa tana yaɗo, kowace gaɓa ta kafa saiwa, a ƙarƙashi kuma tana tura jijiyoyi masu sake tsiro ko an datse su da fartanya. Wannan halin da ke gajiyar da mai noma shi ne ke sa ta jure tattaki da fari, ta kuma toshe gurbin da ƙafa ta cinye. Sai dai duk wannan ƙarfi na babbar ciyawa ne. Tsironta rarrauna ne ƙwarai, kuma makonni uku na farko su ne ke nuna ko fili zai yi kyau ko kuɗin iri ya tafi a banza.

Ba kowace bamuda ce ake samu daga iri ba. Nau'in Tifway, wanda aka fitar a 1960 daga aikin masanin ciyayi Glenn Burton a garin Tifton na jihar Jojiya a Amurka, an same shi ne ta hanyar barbara tsakanin bamudar gama-gari da wata 'yar'uwarta ta Afirka ta Kudu, kuma ba ya yin iri mai tsirowa, sai dai a dasa yaɗonsa. Waɗanda ake shukawa su ne na gama-gari da ingantattu irin su Princess 77 da Riviera, kuma yawancin irin kasuwa a jihohin Arizona da Kalifoniya ake noma shi. Akwai wanda aka ɓare wa ɓawo, mai tsirowa cikin kwana 7 zuwa 14, akwai kuma mai ɓawo, wanda kan kai mako uku ko huɗu. Ɓararren ya fi dacewa da mai son fili ya rufe kafin wasu ciyayi su riga shi.

Wurin shuka dole ya samu rana ta aƙalla awa 6 a wuni. Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro bamuda ba ta yin ƙarko. Za ta tsiro, ta yi siriri, ta ƙare, kuma babu takin da zai gyara wannan. Irin yana bukatar zafin ƙasa da ya haura digiri 18 a ma'aunin Salshiyas, saboda haka sanyin hunturu ba lokacinsa ba ne. A ƙasar Hausa an fi dacewa idan damina ta zauna, wajen Yuni zuwa farkon Yuli, domin ciyawar ta samu wata biyu zuwa uku tana girma da danshi. Marka ta Agusta kan kwashe iri ta tara shi a kwari guda. Mai rijiyar burtsatse yana iya shukawa da bazara, muddin ba zai yi fashin ban-ruwa ba.

Gyaran ƙasa shi ne babban aikin, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. A sabon gida sai an fara kwashe ɓaraguzan siminti da duwatsu, sannan a kafce ƙasa zurfin santimita 10 zuwa 15, a cakuɗa ta da takin gargajiya da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da 'ya'yan ciyayi, yana kuma jawo gara. Bayan haka a baje da manjagara, a bar ɗan gangare daga jikin gini don kada ruwa ya kwanta. Dabarar da ta cancanci haƙuri ita ce a shayar da filin na mako biyu ba a shuka komai ba, har harƙiya da tuji da ƙarangiya su fito, sai a kankare su sama-sama ba tare da an sake juya ƙasa ba. Aya-aya kam sai an tono 'ya'yanta na ƙarƙashi, in ba haka ba ta dawo. Maganin feshi mai hana ciyawa tsirowa bai dace da wannan lokaci ba, don ba ya bambanta irin bamuda da sauran. Kafin shuka ana watsa takin NPK 15-15-15 kimanin kilo 2 zuwa 3 a fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, a taka ƙasar ta ɗan daddale yadda ƙafa ba za ta nutse ba.

Ƙwayar irin ta fi ta riɗi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na ɓararre yana ɗauke da ƙwaya wajen miliyan 4. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya ya ishi fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi. Ana gauraya shi da busasshen yashi, a raba biyu, a watsa kashi ɗaya ana tafiya gabas da yamma, ɗayan kudu da arewa. Sai a ja manjagara a hankali don ƙasa ta rufe shi da milimita 3 zuwa 6 kawai, sannan a danne. Wanda ya nutse fiye da haka ba ya iya fitowa, wanda ya tsaya a fili kuwa tururuwa da tsuntsaye ne ke cin rabonsu.

Daga ranar shuka, saman ƙasa kada ya bushe. Ƙwayar da ta fara tsagewa in rana ta busar da ita sau ɗaya, ta mutu ke nan. Ana yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a wuni idan ba a yi ruwan sama ba, da buta mai rariya ko mesa mai feshi, ba kwarara ba. Bayan mako uku sai a riƙa rage yawan zuwa ana ƙara yawan ruwan, har a kai sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe. Wannan ne ke tilasta wa saiwa ta bi danshi zuwa ƙasa, kuma a nan juriyar fari take samuwa.

Idan tsayin ya kai santimita 5 sai a yi yankan farko da inji mai kaifi, a ranar da ƙasa ba ta jiƙe ba, don kada a tumɓuke tsiron. Mutane da yawa suna jin tausayin yanke sabuwar ciyawa, alhali yankan ne ke sa ta daina miƙewa sama ta koma yaɗo. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka guda, a riƙe ta tsakanin santimita 2.5 da 4. Bayan wata guda da tsirowa ana ba ta yuriya kimanin kilo ɗaya a fili mai mita 10 tsawo da 10 faɗi, a bi da ruwa nan take don kada ganye ya ƙone, a maimaita wata-wata muddin tana girma. Baƙin ciyayi da hannu ake cire su a wannan mataki, yara da awaki kuma a tsare su har fili ya rufe, abin da kan ɗauki kwana 60 zuwa 90.

Da hunturu ciyawar kan yi ruwan ƙasa ta daina girma. Ba mutuwa ta yi ba, don haka sai a dakatar da taki, a riƙa ba ta ɗan ruwa har zafi ya dawo. Inda fili ya yi iyaka da lambun kayan miya ko furanni, wajibi ne a binne jerin bulo a tsakani, a kuma riƙa datse yaɗon da ya haura, domin da zarar jijiyoyinta sun shiga kwami, fitar da su aiki ne na shekara da shekaru.