Sitati a jikin ƙwayar jini

Duk mai kai shadda wurin mai wanki da guga ya san cewa sitati yana da gwargwado. Idan aka sa kaɗan, riga ta yi laɓo-laɓo, ba ta tsayuwa a jiki. Idan aka cika shi, ta ƙandare, ninkewa ma sai da kokawa. Kuma yadi ba ya yin sitatinsa da kansa, abin da ke cikin ruwan baho shi yake sha.

Haka jar ƙwayar jini take da kolestarol. Faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne, amma siraran hanyoyin jinin da take bi wasu ba su kai faɗinta ba, sai ta lanƙwashe ta miƙe kafin ta wuce. A cikin saifa ma sai ta matse ta ratsa tsaga mai faɗin maikiromita 1 zuwa 2. Haka take yi na kimanin kwana 120. Fatar da ta lulluɓe ta kuwa cike take da kolestarol, kusan kai ɗaya da sauran maiƙon da ke cikinta, shi ke ba ta ƙwari. Sai dai ƙwayar ba ta iya ƙera shi, musayarsa take yi da ruwan jinin da take iyo a ciki. Idan ya yi mata yawa, kamar yadda ake gani ga wasu masu ciwon hanta mai tsanani, sai ta taurare, saifa ta tare ta ta hallaka ta, mutum ya shiga ƙarancin jini.

Ga mai shan maganin HIV, ruwan bahon ne ke sauyawa. Ita kanta cutar tana rage kolestarol mai amfani, wato HDL. Magungunan da suka zo a 1995 da 1996, irin su saquinavir da ritonavir, sun tsamo mutane daga bakin kabari, amma ritonavir da danginsa suna ɗaga kitsen jini. Efavirenz ma yana ɗaga shi. Tun kafin su, AZT na 1987 yana kumbura ƙwayoyin, yana kuma taɓa ɓargon da ke haifar su.

Gwajin kitsen jini da ake yi a asibiti ruwan kawai yake aunawa. Masu bincike su kuwa yadin suke son taɓawa, kuma a ganina nan ne aikin ya fi ban sha'awa. Akan zuƙo gefen ƙwaya ɗaya cikin siririn bututun gilashi a ga yadda za ta miƙe. Akan juya jini cikin na'ura, a haska shi da leza, a auna tsawon da ƙwayoyin suka yi. Akwai ma matsefatar haske da Arthur Ashkin ya ƙirƙira, wadda ta kai shi ga kyautar Nobel a 2018, da ita ake kama ƙwaya a ja ta. An samu cewa ƙwayoyin masu ɗauke da HIV sukan rasa wani ɓangare na laushinsu, sukan kuma manne wa juna fiye da kima. Wahalar ita ce raba laifi. Mai wanki aƙalla ya san ludayi nawa ya zuba. A jikin mutum kuwa cutar, da maganin, da kumburin cikin jiki da ba ya gushewa, da shekaru, da taba, kowa na da hannu a bahon.

Saboda haka bai kamata wani ya ji wannan ya ajiye maganinsa ba, wanda ya daina sha shi ke cikin babban haɗari. Maganin ma an gyara shi. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegravir, wanda bai cika dagula kitsen jini ba, ko da yake wasu kan ƙara ƙiba a kansa, kuma shi ne cikin haɗin TLD da ake bayarwa a Najeriya. A 2023 binciken REPRIEVE, da ya ƙunshi mutum 7,769 'yan shekara 40 zuwa 75 masu shan maganin HIV, ya nuna cewa pitavastatin, maganin rage kolestarol, ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da dangoginsu da kashi 35 cikin 100, alhali yawancinsu kitsen jininsu bai kai matakin da likita zai rubuta musu shi ba.