Tambayoyi Biyu Kafin Mu Sayi Waya

'Yan'uwa, ma'aikatanmu masu kai agaji ƙauyuka sun sani sarai cewa layin da ke da sabis a wannan gari yakan ɗauke a gari na gaba. Saboda haka wayar da ba ta karɓar layi sai na kamfani ɗaya tana iya hana mu kiran taimako a ranar da mara lafiya yake bukatar mota.

Tambaya ta fari: a kulle wayar take? Da yawa cikin tsofaffin wayoyin da ake kawowa daga Amurka, kamfanonin layi irin su AT&T da Verizon ne suka sayar da su, suka kulle su a kan layinsu. Kada mu biya kuɗi sai mun sa namu layin, mun yi kira a gaban mai shago. Sababbin Tecno, Infinix da itel na kasuwanninmu yawanci a buɗe suke, suna kuma ɗaukar layi biyu.

Ta biyu: har yaushe za a riƙa sabunta manhajarta? A 2023 Google ya yi alkawarin shekara 7 ga Pixel 8, Samsung ma ya yi haka ga Galaxy S24 a 2024. Wayar Pixel wadda ba ta kamfanin layi ba tana barin mai ita ya sa wata manhaja ta kyauta, kamar LineageOS, in kamfani ya daina kula da ita. iPhone ba ta yarda da wannan.

Kuɗin da ke hannunmu baikon jama'ar Allah ne. Mu riƙe shi da aminci, mu yi tambaya kafin mu saya.