Ambaliya ta ci gonarka: ta ina kayan agaji ke bi kafin su iso ka?

Idan ruwa ya cinye shinkafarka a Warawa ko Wudil, kada ka zauna jiran mota. Kayan agaji ba sa fitowa sai da takarda. Ƙaramar hukuma ce ke kai rahoto ga SEMA ta Kano, jami'ai su zo duba ɓarna. In abin ya fi ƙarfin jiha, sai NEMA, wadda aka kafa a 1999, ta shigo. Ƙungiyoyi irin su Red Cross ma sukan nemi jerin sunayen, don kada ƙauye ɗaya ya samu sau biyu wani ya tashi a tutar babu.

Ɗauko kaya ba shi ne wahalar ba. Tirela daga Sharada ko Bompai, ta bi ta Hotoro ta hau titin Maiduguri, ai yini ɗaya ya ishe ta. Sunaye ne ke jawo makonni.

Don haka ƙungiyarku ta tanadi rajista tun kafin Agusta: suna, lambar waya, girman gona, abin da aka shuka. Ku ɗauki hotuna, dagaci ya sa hannu. Ku faɗi inda babbar mota za ta iya tsayawa in hanya ta yanke. Kuma ku roƙi irin noman rani, ba abinci kaɗai ba.