Tacewa ko Tsittsinkawa: Abin da Kalmar "Matata" Ba Ta Bayyanawa Game da Fetur

Manomin rani mai jan ruwa da inji a yankin madatsar Tiga da ke Bebeji, da direban tankar da ke bi ta Kwanar Ɗangora a Kiru, da masu ɗauko amfanin gona daga Tudun Wada da Doguwa, duk suna kiran inda fetur ɗinsu ya fito da suna ɗaya: matatar mai. Kalmar ta samo asali daga aikatau "tace", kuma hoton da take kawowa shi ne na tatar gasara, inda ruwa ke wucewa, dusa ta tsaya. Wannan hoto rabin aikin kawai yake nunawa.

Ɗanyen mai gauraye ne na sinadarai da aka gina da kabon da haidurojin, waɗanda ƙwayoyinsu ke jere kamar sarƙa. Sarƙar fetur gajera ce, mai ƙwayoyin kabon kimanin 5 zuwa 12. Ta kananzir da ta man gas sun fi ta tsawo. Ta baƙin mai da kwalta kuwa doguwa ce ainun. A matakin farko ana dafa ɗanyen mai har kusan digiri 350, tururinsa ya hau hasumiya, kowane nau'i ya koma ruwa a hawan da ya dace da nauyinsa. Nan kalmar "tacewa" ta yi daidai, domin rarrabewa aka yi, ba a sauya komai ba. Sai dai fetur ɗin da ake samu ta wannan hanya bai kai abin da kasuwa ke nema ba, mai nauyi kuma ya yi yawa.

Mataki na biyu ne ke cike giɓin. Ana haɗa mai nauyin da wata lallausar hoda mai zafi, ta sinadarin ziyolait, a kusan digiri 500. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan dogayen sarƙoƙin sukan tsittsinke su zama gajeru, a sami fetur da iskar gas daga abin da da baƙin mai zai zama. Kunkunniya takan lulluɓe hodar, sai a ƙone ta a wani ɗaki, zafin ƙunar kuma ya koma ya ciyar da aikin. William Burton ya yi rajistar hanyar yin haka da zafi kaɗai a Amurka a 1913, kuma injin farko mai amfani da hoda ya fara aiki a Baton Rouge a 1942.

Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, kuma mafi kusa da kudancin Kano, tana da irin wannan sashe, amma ta shafe shekaru ba ta aiki. Matatar Ɗangote da ke Legas ta fara fitar da man gas da man jirgin sama a farkon 2024, fetur kuwa sai a watan Satumba. Wanda ya ɗauki matata a matsayin rariya ba zai gane dalilin wannan tazara ba: fetur yana buƙatar ƙarin sassa bayan hasumiya, kuma na tsittsinkawa yana cikinsu.

Wace kalma ce ta dace da matakin? "Fasawa" ita ce fassara ta kai tsaye, amma a zancen mai ta riga ta yi ƙaurin suna: "fasa bututu" da "fasa-ƙwauri" ne za su fara zuwa kunnen mai sauraron rediyo. "Ɓarzawa" ta hatsi ce, tana nuna ƙarfin dutse, ba aikin sinadari ba. "Tsittsinkawa" ta fi cancanta. Sarƙa da igiya ake tsinkawa, ninkin gaɓar farko kuma yana nuna aikin ya auku a wurare da yawa, kamar yadda yake faruwa a cikin injin.