Madarunfa: Da rani ake gyaran ɗaki

Daminar 2024 ta rusa dubban gidaje a jihar Maradi, akasarinsu na laka. A Madarunfa, da ke bakin tabki kusa da Gulbin Maradi, gindin bango laima ke fara ci. Don haka ƴan kasuwa, kada a jira hadari ya haɗo. A kwaɓa ƙasa da ƙaiƙayi, ta kwana biyu ta tsima, a toshe tsaga, a yi yaɓe. A ɗaga dakali a gindin bango, a share indararo. Shafa siminti kai tsaye a kan laka asara ce: yana riƙe danshi, daga baya ya ɓamɓare. Bangon da ya karkata kuwa sai magini. Buhunan gero da hajar da ke ɗaki sun fi kuɗin gyara.