Kafin Ka Bar Ƙasa, Ina Za Ka Bar Karenka?

A birnin Dubai, inda baƙi 'yan ci-rani suka fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba, masu gidajen kula da dabbobin da aka yasar sun san lokacin wahalarsu. Da zarar bazara ta kama, makarantu suka rufe, kwangilar aikin wasu ta ƙare, sai iyalai su tattara kayansu su hau jirgi. Karen gida kuwa, wani a ɗaure shi a ƙofar gidan kula da dabbobi, wani a sake shi a titi cikin zafin da ke wuce digiri 40.

Ƙungiyoyi irin su K9 Friends, wadda ta daɗe tana wannan aiki a Dubai, sun dogara ne da 'yan sa-kai da taimakon jama'a. Kowane kare da ya shigo yana bukatar abinci, allurar rigakafi da likita, ga shi masu kawowa sun fi masu ɗauka yawa. Idan wuri ya cika, dole a mayar da wasu. Haka aka gani a Hong Kong bayan Birtaniya ta buɗe wa mazauna yankin sabuwar hanyar biza a watan Janairun 2021. Jirage sun yi ƙaranci saboda korona, har masu hali suka riƙa haɗa kuɗi suna shatar jirgi don dabbobinsu, marasa hali kuma suka bar nasu a baya.

Yawanci ba mugunta ce ke jawo haka ba, rashin shiri ne. Mai son kai kare Birtaniya daga ƙasa irin Najeriya sai an dasa wa karen 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa rigakafin ciwon haukan kare, a jira aƙalla kwana 30 kafin a ɗebi jininsa a gwada, sannan a ƙara jiran wata uku. Wato wata huɗu ke nan ko fiye. Amurka ma tun 1 ga Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata shida ba. Wanda bizarsa ta fito saura mako biyu ya tashi, ina zai sami wannan lokaci?

Mu ma abin ya shafe mu, ganin yadda iyalai ke barin Legas, Abuja da Kaduna zuwa ƙetare. Sau da yawa akan bar wa maigadi karen gadi, idan kuɗin abinci ya yanke sai ya shiga gari yana bin bola. A nan haɗarin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka ta hanyar karnuka, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Idan alamomin ciwon suka bayyana, da wuya a tsira. Duk wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar.

Saboda haka, idan kana shirin tafiya, ka ga likitan dabbobi tun ranar da ka fara neman biza. In ba za ka iya tafiya da karen ba, ka nemi wanda zai riƙe shi da gaske, ka je ka ga gidan da idonka, ka miƙa masa katin rigakafi, ku yi magana kan abinci ƙarara. Dabbar da ka ajiye amana ce a wuyanka, kuma hawa jirgi ba ya sauke ta.