Ba Sai Ruwa Ya Zauna Ake Fara Barkono Ba

A Kparatao da unguwannin Sokode, duk wanda ya ce zai yafa irin barkono a watan Fabrairu ko Maris zai sha nasiha. Dattijo zai ce masa, "Yaro, bari sama ta sauko tukuna, ba a gaba da damina." Inna za ta ƙara da cewa rijiya ta ja baya, ruwan sha ma da ƙyar, balle na wasa da ƙasa. A Dapaong maganar ta fi ƙarfi, domin can bazara ta fi tsanani. Ra'ayin da ya zauna shi ne: barkono, attarugu da tattasai, duk sai ruwa ya zauna a fara su.

Masu faɗar haka ba su faɗe ta da ka ba. Wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi, kuma sun ga yadda ruwan farko yake yaudarar manomi, ya shuka masara ta tsiro, sama ta ɗauke mako biyu, komai ya ƙone. Dokar jiran ruwa doka ce ta gaskiya a gonar masara da dawa da gyaɗa. Inda nake neman afuwa in saɓa musu shi ne ɗauko wannan doka daga gona a shigo da ita tsakar gida, a ɗora wa barkono. Da yawa daga cikin Hausawan wannan yanki jikokin fatake ne da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suka yada zango a ƙasar Kotokoli, a wurare irin su Didaure ta Sokode. Kasuwanci da malanta suka gada, don haka da aka zo ga shuka a bayan ɗaki sai aka ari kalandar manomin hatsi. Barkono kuwa lissafinsa daban yake.

Masara takan fito cikin kwana 4 ko 5. Irin barkono yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya leƙo, na attarugu yakan kai mako uku. Bayan ya fito sai ya yi mako 6 zuwa 8 a wurin reno kafin ya isa dashe. Bayan dashe, attarugu yana buƙatar kusan wata uku kafin a tsinki jan farko. In aka haɗa, daga yafi zuwa tukunya wajen wata 5 ne.

To a ɗora wannan a kan daminar Sokode, wadda ke farawa a Afrilu ta ƙare a Oktoba. Mai jiran ruwa ya zauna zai yafa iri a tsakiyar Mayu. Zai yi dashe a Yuli. Shukarsa za ta fara fure a ƙarshen Agusta, daidai lokacin marka, sa'ad da ake kwana ana wuni da ruwa. Fure ba ya son wannan duka, yakan zube. Wanda ya samu ya ƙulla sai ya haɗu da ruɓa, irin baƙin tabon nan da ke lotsa jikin barkono tun bai nuna ba, domin cutar tana yaɗuwa ne da laima da fantsamar ruwa. Abin da ya tsira zai nuna a Oktoba, ruwa na haramar tafiya, kuma a lokacin kasuwa ta cika da barkono, ya yi araha. An sha wahalar wata 5 don a samu abin da ake sayarwa tuli guda a kuɗi kaɗan.

A Dapaong lissafin ya fi ƙunci. Damina can gajera ce, ba ta kankama sai Yuni, ta ɗauke a Oktoba. Wanda ya yafa attarugu a tsakiyar Yuni zai yi dashe a Agusta, ya ga fure a ƙarshen Satumba, ruwa ya ɗauke 'ya'ya suna kore. Daga nan sai ban ruwa da hannu, ga shuka ta girma tana sha da yawa, ga iskar hunturu tana busar da ƙasa. Ruwan da aka ƙi kashewa a bazara sai a biya shi ninki a Nuwamba.

Nan ne nake ganin an fi yin kuskure, wato zancen ruwa. Ana auna renon barkono da ban ruwan lambu, alhali tsohuwar roba ɗaya ko fasasshen kwano mai faɗi ya isa ya riƙe tsiron da zai wadaci gida. Buta ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ta ishe shi. Ruwan da aka wanke shinkafa ko wanda aka tara na alwala ya wadatar, muddin babu sabulu a ciki. Hasali ma yawan ruwa ya fi kashe ƙaramin tsiro fiye da ƙarancinsa. In ƙasa ta yi caɓi, sai ka ga tsiron ya ruɓe daga wuya ya kwanta, jiya lafiya lau, yau babu. Wannan cuta ta fi yawa a renon damina, inda ba kai ke da iko da ruwan ba. Ga kuma ruwan farko mai ƙarfi da iska, wanda ke tone iri ko ya binne shi. Ƙwayar da aka rufe da ƙasa rabin santimita ba ta iya jure wa irin wannan. A bazara kuwa kai ne mai ba da ruwa, da awo.

Akwai hujja ɗaya ta dattawa da ba zan raina ba: zafi. Watan Maris shi ne tsakiyar zafi a Sokode, a Dapaong kuwa ma'aunin zafi yakan kusanci digiri 40 da rana a Maris da Afrilu. Irin barkono ya fi son ɗumi tsakanin 25 da 30, in ƙasa ta haura 35 fitowarsa takan ragu ƙwarai. Wanda ya yafa iri a fili, rana ta doke shi tun hantsi har la'asar, lallai ba zai ga komai ba, kuma zai koma ya ce maganar manya ta tabbata. Amma roba ana ɗaukarta. A ajiye ta gindin mangwaro ko darbejiya, ko gabashin ɗaki inda za ta sha ranar safe ta huta da ta azahar, a rufa busasshiyar ciyawa a kai har iri ya fito, sannan a yaye. A irin wannan inuwa ƙasa mai danshi ba ta yin zafin da ke fili.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, fure ya fi ƙaramin tsiro tsoron zafi. In rana ta wuce 32 zuwa 35, dare ma bai yi sanyi ba, furen barkono yakan kaɗe ba tare da ya ƙulla ba. Saboda haka hikimar ita ce a bar zafin bazara ya samu shuka tana ƙarama a inuwa, fure ya zo a Yuni, lokacin da gari ya yi sanyi, ruwa yana sauka daidai, marka ba ta iso ba. Wannan dalili ne kuma ya sa ba na goyon bayan masu zarce gona da iri, su yafa a Disamba. Sanyin daren hunturu yana sa iri ya yi nawa, sannan shukar ta zo fure a Maris, ta yi ta zubarwa. Masu lambun rani a bakin ruwa suna da nasu tsarin, sukan fara tun ƙarshen damina don fure ya samu sanyin hunturu, amma wannan zancen wanda ke da ruwa a hannu ne duk rani.

Don haka ga mai gida a Kparatao, Sokode da kewaye, lokacin yafi shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, a fara da attarugu tunda shi ne mai nawa, barkono da tattasai su biyo bayan mako biyu. A Dapaong a jinkirta zuwa Afrilu. Matasanmu da ke kallon masu lambu na Turai da Amurka a YouTube sukan ji ana cewa a fara reno cikin ɗaki mako 8 zuwa 10 kafin ƙanƙara ta ƙarshe. Ranakunsu ba namu ba ne, kada a kwafa. Abin ɗauka shi ne yadda suke ƙirga baya daga ranar dashe. Mu ranar dashenmu ruwan sama ke yanke ta, sai mu ja baya wata biyu.

A nan kuma maganar Dattijo da Inna ta dawo da cikakken ƙarfinta. Kada a fitar da tsiro daga roba saboda yayyafin farko. A jira ruwa ya sauka sau biyu ko uku, a tona a ga danshi ya shiga ƙasa sosai. Mako ɗaya kafin dashe a rage ban ruwa, a riƙa ƙara masa rana kaɗan kaɗan don ya yi ƙwari. In ya kai tsawon yatsa da ɗoriya, da ganye biyar ko shida, a dasa shi da yamma, da ƙasarsa a jikin saiwa, a bar tazarar kamu ɗaya tsakanin tushe da tushe. Tunda ruwan Sokode yana da yawa, a ɗaga kunya, domin barkono ba ya yarda saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Wanda ya bi wannan zai fara tsinka a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, ya ci gaba har ruwa ya ɗauke.

Sau da yawa abin da ke kashe renon bazara ba yanayi ba ne. A rani ake sakin awaki, kaji kuma ba su ganin kore su ƙyale, haka ƙadangare. A ɗora robar a kan wani abu, a lulluɓe ta da tsohon gidan sauro, wanda zai kuma rage ƙananan ƙwarin da ke kawo cutar nannaɗewar ganye. Sai iri. Wasu masu shanya barkono sukan tsoma shi a ruwan zafi kafin su baza, ƙwayar irin wannan ta mutu, ko a wane wata aka shuka ta ba za ta fito ba. A zaɓi ɗanye wanda ya nuna jajir a jikin shuka mai lafiya, a cire ƙwayar a shanya ta a inuwa. Ƙasar reno ta zama haɗin ƙasa da yashi da takin da ya ruɓe sosai, a huda gindin robar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro.

Akwai ma hanyar da ta fi duk wannan sauƙi, kuma tsofaffin mata sun daɗe da saninta. Barkono ba shukar shekara ɗaya ba ce. Tushen da ya yi 'ya'ya bara, in aka rage masa rassa a ƙarshen kaka, aka tara ciyawa a gindinsa, ana ɗan ba shi ruwa yadda ba zai mutu ba, da ruwan Afrilu ya sauka zai yi toho ya riga kowane sabon dashe fure. Tushe biyu ko uku irin wannan kusa da wurin alwala za su riƙe miya a watannin Mayu da Yuni, lokacin da ɗanyen barkono ya fi tsada a babbar kasuwar Sokode, kafin sabon dashen ya fara bayarwa.